Furannin da Shaame Bai Shaƙa Ba

Duk kakar kanumfari haka take mana a Pemba. Maza su hau can ƙololuwar bishiya da ƙafa ba igiya, reshe ya ɓalle, a kwaso mana su a kan ƙyauren ƙofa. Ni ce mai gashin ƙashi a ɗakin maza, kuma a bara Shaame aka kawo mini, lakarsa ta tsinke daga ƙugu. Kowa bayan yake kallo: hoton baya, ɗinkin baya, addu'a ma ta baya.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne keken guragu. In koya masa yadda zai zame daga gado zuwa keke, ya yi tsaf har in tafa masa. Washegari ya dube ni kamar yau ya fara ganin keke. Nas-nas suka ce taurin kai ne, wasu suka ce baƙin ciki. Ni kuwa na tsani a ce mini "halinsa ne". Halin wa? Da ku aka haife shi?

Wata safiya matarsa Mwanaidi ta tare ni a baranda, idonta jajir.

"Sista, ranar Juma'a yayana zai zo ya tafi da ni gida."

"Ke 'yar nan, don ƙafa za ki gudu?"

"Wallahi ba ƙafa ba ce. Ko kashinsa zan kwashe har in mutu. Tsawar da yake mini ma na shanye. Amma na turara mayafina na zauna a gefensa, bai ɗago ba. Na zuba masa furannin asumini masu ƙamshi a kan matashi, na sake zubawa. Jiya cewa ya yi wa ya watsa masa shara a gado."

A wurinmu mace ba ta neman sulhu da baki. Fararen furannin nan su ke yi mata magana, kuma namijin da ya share su ya riga ya ba da amsa. Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya ƙi matarsa shiru yake yi ya juya baya. Ba ya tambayar wa ya zuba shara.

Na shiga, na ce, "Shaame, rufe ido, wasa za mu yi."

"Sista, ke dai ba kya gajiya da wahalar da bawan Allah."

Na kai masa garin gahawa hanci. Ya ce babu komai. Na kai sabulu, ya ce iska. Na murza busasshen kanumfari a tafin hannuna, wanda har na gadon ƙarshe sai da ya yi atishawa, na kara masa.

"To, ki kawo abin mana," in ji shi.

Ikon Allah! Mutumin da tun yana yaro jikinsa ke ƙamshin kanumfari. Na laluba ƙeyarsa, sai ga tabo a ɓoye cikin gashi. Na tambayi Mwanaidi ko ya suma da ya faɗo. Ta ce ai ɗan barci ya yi, aka yayyafa masa ruwa ya farka ya yi amai, amma da ya fara ihun ba ya jin ƙafafunsa sai kowa ya manta. Babu wanda ya faɗa wa likita, likita ma bai ga dalilin tambaya ba.

Da na kai wa likitan labari, ya duba, ya yi wa Shaame 'yan tambayoyi na gwada tunani, ya ce ƙwaƙwalwa ma ta bugu. Mantuwar, saurin fushin, mutuwar hancin, duk daga faɗuwa ɗaya suke. Fushin zai iya lafawa, in ji shi. Hancin kuwa bai yi alkawari ba.

Ranar Juma'a yayan ya iso, ya tsaya bakin ƙofa yana juya makullin babur. Na riga na bayyana wa Mwanaidi komai, ban rage ba, ban yi mata zaƙin baki ba. Tausayinta ya kama ni, don ban san abin da zan zaɓa ba da ni ce.

Mwanaidi ta je gefen gadon, ta sunkuya, kunya kamar ta nutse, ga maza cike da ɗaki.

"Baban Kombo, na sa turare."

Ya dube ta. "Don wa?"

"Don kai mana, sarkin faɗa. Tun da aka kwantar da kai nake sawa."

Ya jawo gefen mayafin ya danna a fuskarsa, ya ja numfashi, ya sake ja da ƙarfi. Na san babu abin da ya ji. Bai dai saki mayafin ba.

Mwanaidi ta juyo gare ni a hankali. "Sista, gobe zai tuna na faɗa masa?"

"Ƙila ba zai tuna ba."

Ta goge ido da bayan hannu, ta ɗaga murya wajen ƙofa. "Yaya, ka tafi kawai. Ka ce wa Inna ina da aiki a nan."