Tukwanen da Ba Su Tsallaka Iyaka Ba

Eulalia tana naɗe kasko a tsohuwar jarida lokacin da wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata budurwa ta fito da ƙaramar jaka a hannu, ta ce sunanta Itzel, daga kamfanin da ke duba kaya kafin a fitar da su ƙasar waje. Mai gidan abincin nan na Chicago da ya yi odar tukwanen ba zai iya karɓarsu ba sai da takardar shaidar cewa babu gubar dalma a jikinsu.

"Shigo, 'yata, duba son ranki," in ji Eulalia. "Tun bara muka bar tsohon maganin sheƙi. Sabon da aka ce shi muke shafawa, ko da yake bai kai wancan ƙyalli ba."

Daga ɗaki mijinta Fidencio ya yi tari. Shi ne asalin maginin tukwane a gidan, amma yanzu hannuwansa rawa suke yi, ƙodarsa kuma ta gaza. Likitan birnin Morelia ya ce sai an riƙa wanke masa ita, kuma da wannan ciniki Eulalia ta yi niyyar fara kai shi.

Itzel ta zaɓi tukunya ɗaya daga cikin kwali. Ta jiƙa ɗan tsinken auduga da wani ruwa, ta goga a cikinta. Audugar ta koma ja. Ta ɗauko wata tukunyar daga can ƙasa, ta sake gogawa. Ja.

"Ruwan naki ne ya lalace," in ji Eulalia. "Da hannuna na dama maganin. Ga buhunsa can."

Budurwar ta gwada garin da ke cikin buhun, auduga ta fito fara tas.

"Mama, a ina kuke gasawa?"

Eulalia ta kai ta bayan gida, inda tanderun yake. Mahaifin Fidencio ne ya gina shi, bangonsa na ciki har ya yi santsi yana walƙiya saboda daɗewa. Itzel ta goga auduga a jikin bulo, kafin ta janye hannu ta riga ta yi jawur.

"Ba ƙarya kika yi ba, Mama. Tanderun ne ya sha dalmar. Duk lokacin da kuka hura wuta, sai ya mayar wa tukwanen."

"To in wanke shi?"

"Ba ya wankuwa. Sai dai a rushe, a gina sabo."

Ba wanda ya sa ta, amma da suka ratsa ta madafa Itzel ta tsaya, ta goga auduga a tukunyar waken da ke gefen murhu, da kofin da ke kan tebur. Ta rufe hannunta a kan audugar, amma Eulalia ta gani.

"Mai tarin nan, me likita ya ce yana damunsa?"

"Ƙoda."

"Ki ce su auna jininsa, su nemi dalma. Ke ma a auna ki." Ta rataya jakarta. "Ba zan iya sa hannu ba. Ki yi haƙuri."

"Ko rabi? Waɗanda suke sama-sama a tanderun?"

"Ko ɗaya, Mama."

Bayan motar ta tafi, Eulalia ta juye waken a robar da take wanke barkono, ta kai wa mijinta da wainar masara. Ya dubi robar, ya dube ta.

"Ni kare ne? Ina kwanona?"

"Ya fashe."

"Tukwanen sun wuce, ko?"

"Sun ce sai an rushe tanderun."

Ya yi dariyar da ta ƙare da tari. "Tanderun babana? Shi ya ciyar da mu, yanzu wata yarinya da auduga za ta ce guba ne? In na mutu kya rushe." Ya ture robar, ya juya fuska bango.

Da la'asar ƙaninsa Nazario ya iso da akori-kurarsa. A kasuwar Juma'a yake sayar da kayan yumɓu, kuma labari ya riga ya kai masa.

"Matar yaya, na ji Amurkawa sun ce cikinsu ba irin namu ba ne," ya faɗa yana ƙwanƙwasa wata tukunya da yatsa. "Kai, ji ƙara! Kawo su nan. A kasuwarmu wa ke tambayar takarda?"

"Da dalma a jikinsu, Nazario."

"Da dalmar aka yaye mu, ga ni nan ƙato."

"Shiga ka ga yayanka."

Murmushinsa ya ɗauke. Ya sa tukunyar a kwali a hankali. "Na gan shi. Shi ya sa na zo. Litinin za ki kai shi Morelia ko ba za ki kai shi ba?"

Eulalia ta tsaya tana kallon kwalayen da ta rubuta wa sunan Chicago da hannunta. A ɗaki tarin ya sake tashi, ya daɗe bai lafa ba. Ta sunkuya, ta ɗauki kwali na farko, ta miƙa masa.

Suka yi lodi. Da ya ɗaure igiya ya shiga mota, sai ta kama ƙofar. 'Yarta Maricela tana aure a garin da kasuwar take ci, cikinta ya tsufa, kuma ba ta wuce rumfar kawunta ba tare da ta tsaya ba.

"In Maricela ta zo, kar ka ba ta ko ɗaya. Ko ta roƙa."

"In ta tambayi dalili fa?"

"Ka ce an riga an saye."

Nazario ya tayar da mota.