Tayar da Saleh Ya Sa a Bayan Silasha

"Ƙara ɗagawa," in ji Saleh.

Manasse mai walda ya ture baƙin gilashin fuskarsa sama, ya dubi tayar keke napep ɗin da ya riƙe, sannan ya dubi maƙwabcinsa.

"Alhaji, wannan ai hujin ƙarshe ne a ƙarfen tayar. In na ɗaga haka, ciyawa za ta tsaya har gwiwa. Yanka za ka yi ko gyaran fuska?"

"Ka ɗaga. In ka ɗaga kuma ka kashe shi da walda, ba na son noti. Kada wani ya zo bayana ya sauke."

Silasha, ga wanda bai sani ba, injin yankan ciyawa ne da ake rataye wa tarakta a baya, faffaɗan ƙarfe mai wuƙaƙe biyu suna juyawa a ƙarƙashinsa. Ta Saleh ba ta da taya, shi ya sa duk inda ƙasa ta yi tudu sai ta kafta ta kwashe. Ni na san wannan fiye da kowa a Bulumkutu. Ban taɓa zama a aji ba, amma na ja tarakta tun yara na gudu in sun ji kukanta. Na ƙetare shekarun tashin hankali ko ƙwarzane babu, ambaliya ta ritsa ni a Bulabulin na fito da jikata a wuya. Katanga ɗaya ce tsakanina da Saleh, ƙofar Manasse kuma tana kallon tamu.

To, Manasse ya ɗiga walda kaɗan don tayar ta tsaya, ya ce sandar walda ta ƙare, sai gobe. Ƙarya ce, aljihunsa cike yake. Zuciyarsa ce ba ta kwanta ba.

Me ya sa Saleh yake rufe ƙofa in ana aikin? Gonar nan tasa ta wajen Konduga, tun da ya gudo bai sake taka ta ba, sai yanzu da aka buɗe wa manoma hanya, ga shi ƙafafunsa sun kumbura, numfashi da ƙyar. Ga kuma maganar ɗansa Zayyad, wanda ya ɓace a shekarun nan, unguwa na raɗa cewa daji ya shiga da ƙafarsa. Wanda ba ya son wuƙa ta taɓa ƙasa, ai ya san abin da ke kwance a cikinta. Bulama mai unguwarmu kuwa ya riga ya tara masu walda ya ce duk aikin da bai yi musu kama da aiki ba, su kai masa labari.

"Ka je wajen Bulama gobe da sassafe," in ji Ketura, matar Manasse, da ya koma gida. "In bindigogi ne, wa za a ce ya haɗa masa ƙarfe? Kai. Ni ba zan yi ta kai maka tuwo bayan kanta ba."

"In na faɗa, ɗauke shi za a yi. Mutumin da ko masallaci sai an riƙe shi?"

"To ka zauna. Shi yana da ciwo, kai kana da 'ya'ya."

Manasse ya zo wurina da yamma ina alwala, ya tsuguna kamar mai neman aron ashana.

"Baba, kai da ka san tarakta, akwai manomin da ke yanka a gwiwa?"

"Babu," na ce. "Akwai abu a ƙasar nan, ko shakka ba na yi. Amma mai ɓoye bindiga ba ya yanke ciyawar da ta rufa masa asiri."

"Sai in tonowa zai yi," in ji Manasse.



Da gari ya waye ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya nufi gidan Bulama. Bai wuce ƙofar Saleh ba Yagana, matar gidan, ta leƙo ba ko mayafi.

"Manasse! Baba! Ku zo, ya faɗi!"

Muka same shi kwance a gefen silasha, hannunsa ɗaya a kan tayar. Muka ɗauke shi zuwa tabarma ƙarƙashin darbejiya. Na ce a kira keke a kai shi asibiti, ya girgiza kai. Idonsa na kan rigar Manasse.

"Yau ba Lahadi ba ce," ya ce. "Wajen Bulama za ka?"

Manasse ya dubi rigar da ke jikinsa.

"Da ni ne ma da na je. Yagana, matso. Ke ma yau za ki ji." Ya huta, ya ja numfashi. "Zayyad bai bi 'yan daji ba, kama shi suka yi. Ya gudo da harbi a cinya, ya same ni a gona. A hannuna ya cika. Da fartanya na haƙa masa, ina jin baburansu. Ramin bai yi zurfi ba, Manasse. Ko dutse ban sa ba."

Yagana ta zauna daɓas a ƙasa.

"Shekara da shekaru ina dafa abinci da rabonsa," ta ce. "Kana kallona."

"Da na faɗa, cewa za a yi uban ɗan daji ya binne ɗan daji. Wa zai tsaya ya ji sauran?" Ya juya wajen Manasse. "Daji ya cinye gonar, ban gane wurin ba sai an yanka. In wuƙa ta sauka, ƙashinsa za ta kwaso."

Kafin azahar ya cika. Ni na yi masa wanka, don a layinmu babu wanda ya kai ni iya wannan. Jama'a sun zo jana'iza, amma na ga yadda waɗansu ke leƙen silasha suna haɗa ido. Maganar rufe ƙofa ta riga ta zaga unguwa.

Kada ku ɗauka Manasse ya yarda. Bai yarda ba. Ya ce mini mai mutuwa ma yana iya tsara magana don ya kare iyalinsa. Sai dai bayan sadakar uku ya shigo gidan Saleh da injinsa, ya bar ƙofa a buɗe wayam, ya kashe ƙarfen tayar nan da walda kowa na gani.

"Zan bi ku gonar," ya ce wa Yagana. "Hajiya, ki yafe ni, amma in na ga abin da ba kabari ba, daga can gidan Bulama zan wuce."

"In ka ga hakan, ni zan raka ka," ta ce.

Sai da ta fita takaba, damina ta ɗauke, muka bi ayarin manoma da hantsi. Ni na ja tarakta da silashar Saleh a baya, wa kuma zai ja? Gonar ta zama kurmi, gamba ta fi tsayin mutum, ga sabara ga ƙaya. Na sa giya ta ɗaya, na kunna wuƙaƙe. Tayar tana bin baya tana hawa tana sauka, ƙarfe bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. Manasse yana gefe, yana zura sanda cikin kowane rami, yana duban kowane tsohon buhu.

Yagana ta cire takalmanta ta riƙe a hannu. Ta shiga bin sawun tayar a hankali cikin kututturen ciyawa, tana taka ƙasa tana saurare da tafin ƙafa, ƙaya na kama zanenta. Mun yi layi mun dawo, mun sake yin wani.

Can kusa da wata busasshiyar aduwa ta tsaya. Ta ja da baya taku ɗaya. Na kashe inji.

Tudu ne ɗan ƙarami, tsawon mutum, a kwance yadda muke kwantar da namu. Manasse ya zagaya shi, ya dubi gabas, ya dubi tudun, sannan ya ajiye sandarsa a ƙasa. Yagana ta durƙusa, ta fara tsinke ciyawar da ke kansa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, tana tarawa a cinyarta.