Muryar da Iminathi Ta Dawo Min da Ita

Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke min magana. Likitocin birnin Gqeberha na Afirka ta Kudu suka dasa min na'ura a maƙogwaro, amma muryar ta wata baƙuwa ce, sai na yi shiru abina.

'Yarmu Iminathi, mai shekara tara, wadda mu iyayenta biyu duk mata ne, ta kwashe tsofaffin saƙonnina na murya daga wayar matata Zukiswa, ta koya wa na'urar muryata. Ashe saƙonnin duk faɗa ne.

Na buɗe baki in ce na gode, sai ya fito kamar ina korar akuya daga gona.

"Mama, bari in gyara," Iminathi ta ce min.

Zukiswa ta riƙe hannunta, tana dariya tana hawaye. "Kada ki taɓa. Wannan masifaffiyar na aura."