Taswirar Ƙwaƙwalwar Gunki

Shekara tara hoton ƙwaƙwalwar Gunki yana rataye a bangon ɗakin bincike, an baje ta kamar fatar da aka shanya, an shafa mata ja da kore da shuɗi. Kowane launi yanki ne a ƙeya mai sarrafa abin da ido ya gani, iyakokinsu kuwa sun fito tsaf. Aikinsa gyaran na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ne, amma laƙabin Gunki daga iya kwanciya cik a cikinta ya samo shi. Zai kafa wa ɗigon tsakiyar allo ido, zane yana kewayawa, shi ko gezau. Da ido ya kauce, iyakokin sun cakuɗe.

Shi da kansa ya kawo ƙanensa, direba, ranar da Farfesa, shugabar ɗakin binciken, ta rasa wanda za ta gwada. Taswirar ƙanen ta fito fes, har ta fi tasa.

"Wannan za mu sa a littafi, mu rataya a bango," in ji Farfesa.

"Yaya, ashe abin ba wuya," ƙanen ya ce yana ɗaura agogonsa.

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗa bai ga Gunki ba a ranar.

"Ranki ya daɗe, a sake gwada ni. Tsohon hoton nan da tsohuwar na'ura aka ɗauka."

Ta yarda. Ya kwanta, na'ura ta fara ƙara, ya kama ɗigon da ido. Sai dai a gefen dama na madubin da ke saman fuskarsa ana hango tagar ɗakin kula, ga ƙanensa can yana magana, Farfesa tana dariya. Shekara tara Gunki bai taɓa sa ta dariya haka ba.

Da ya fito, launukan sun dame kamar an zuba musu ruwa.

"Sau goma sha bakwai idonka ya bar ɗigon, duk zuwa dama," ta ce. "Me ke damarka?"

"Babu komai, ranki ya daɗe."

Washegari shi aka sa ya ɗauko tsani, tunda shi ya buga ƙusar tun farko. Ya sauke tasa taswirar, ya rataya ta ƙanensa, ƙanen yana riƙe masa tsanin.

"Ta miƙe?" ya tambaya bai waiwayo ba.

"Ɗan matsar da ita dama, Yaya."