Kogi a Ƙeyar Tela

"Kogi ne, in ji ka? Baba, kan mutum ne fa, ba taswira ba," in ji ɗan mai aski.

"To da me zan nuna masa? Tambayata ya yi yadda sojojin suka tsallake."

Tela, mai kan da ake rigima a kai, yana zaune a kujerar aski, ƙyalle ɗaure a wuya, yana ta karkata madubin hannu ko zai hango ƙeyarsa. Hanya ce fes injin aski ya share, daga bayan kunne har tsakar ka, ga mutumin gobe zai je ganin surukai.

Tsohon mai askin nan, tun da matarsa ta rasu ya auri yaƙi. Talabijin ɗin shago daga buɗewa har rufewa ba ya nuna komai sai sojojin zamanin da, a hoton baƙi da fari, suna jan igwa cikin laka. Rabin kantar man gashi ya koma na littattafai masu kauri, bangonsu duk tankoki. Matasa masu son ƙwallo tuni suka koma shagon tsallaken titi. Babban ɗansa, wanda suke aski tare, ya daɗe yana haɗiye maganar, yau ta ƙi haɗiyuwa.

"Wancan satin girar direba ka kwashe, ka ce jirgi ne ya faɗo a fim," in ji ɗan. "Mutane sun fara cewa yaƙi ya taɓa maka kai."

"Su faɗa. Wanne a cikinsu ya taɓa karanta shafi ɗaya?"

Tsoho ya cusa hannun damansa a aljihun riga. Abin da ɗan bai sani ba, kuma ba mai jin sa daga bakin uban, shi ne babu wani kogi. Hannun ne ya fara rawa tun bara. Sai yana cikin aiki ya fizge, injin ya tafi inda ya ga dama. Duk ranar da hakan ta faru, sai ya ɗaga kai ya ɗora wa talabijin laifi. Ya gwammace a ce yaƙi ya haukata shi da a ce tsufa ya karɓe masa hannu, a zaunar da shi a benci yana karɓar gaisuwa.

"Ni dai a gyara min," tela ya ce a hankali. "Ko tal-kwabo ne na yarda."

"Yi mana shiru, ɗinkinka ma ba a miƙe yake ba," in ji tsoho.

Ɗan ya miƙa hannu ya zare wayar talabijin daga bango. Shagon ya yi tsit, wani janar ya ɓace da bakinsa a buɗe.

"Shi ke nan, Baba. Ba yaƙi, ba kogi. Ga inji, gyara masa kan, mu gani. In ya fito daidai, kujerarka ce har abada, ba zan ƙara magana ba."

Tsoho ya dubi injin, ya dubi ƙeyar tela. A cikin aljihu yatsunsa na kaɗawa kamar an jona musu lantarki. Ya san in ya karɓa, a gaban ɗansa da wannan tela mai bakin rediyo, kafin yamma unguwa ta ji.

"Ni za ka yi wa jarrabawa? Ni da na koya maka riƙe almakashi kana majina?"

"Gyara kawai na ce, Baba."

"Ba na aski a shagon da ba a girmama tarihi."

Da hannun hagu ya kwashi littattafansa, ya tokare su a ƙirji. Ɗaya ya faɗi, ya ƙi sunkuyawa.

"Kuma ka gaya wa masu tsegumi ba korata aka yi ba. Janyewa na yi. Manyan janar-janar ma suna janyewa, kai da ba ka karatu ina za ka sani. Talabijin ɗin nawa ne, ka aiko min da shi gida, kada ya kwana a nan."

"Baba, tsaya mana."

Bai tsaya ba. Ya ja ƙofar da ƙafa, ya fita, ya banko ta har kwalaben man gashi suka yi ƙara a kan kanta.