Ɗinkin Alkasum na Ƙarshe

"Bahago, miƙo na hagu, sunanka ne ya ja maka. Kai kuma Hassane, na dama."

Ina tsaye a bakin zaure da kwanon kunu a hannuna lokacin da Alkasum ya faɗi haka, da muryar da sai an kasa kunne ake jin ta. Mutanen nan biyu suka harari juna, amma kowa ya sunkuya ya tuɓe warin takalminsa. Alkasum ya karɓa, ya cusa su ƙarƙashin fatar da yake zaune a kai.

Alkasum baduku ne, bango ɗaya ya raba gidansa da nawa a tsohon garin Agadas. Shi ba alƙali ba ne, ba mai unguwa ba, amma in mutum biyu suka yi faɗa wajensa ake tura su. Dabararsa guda ce. Sai rana ta take zai kira su, ya ce takalmansu na son gyara, ya ƙwace wari ɗaya-ɗaya. Wanda ya san rairayin Agadas da tsakar rana ya san ba a taka shi da ƙafa tsirara. Dole ka zauna, ka yi ta masifa har yawunka ya ƙafe, shi kuwa yana ɗinki a hankali yana jefa tambaya. Ba ya mayar da takalmi sai an shirya. Ni ma ya taɓa yi mini, ni da matarsa Kadidia, a kan wata kaza. Har yau ina ganin ni ke da gaskiya, amma da dariya muka tashi.

Wannan karon ba zancen kaza ba ne. Shekarar fari ce, zamanin mulkin soji. Rijiyoyin unguwa sun ƙafe, saura ta garkar Bahago a bakin ƙoramar Telwa, inda dukanmu mata muke ɗiba. Hassane kuwa makiyayi ne daga wajen Ingal. Garkensa ya ƙare a hanya, ya iso da iyalinsa da taguwar raƙumi ɗaya tak, nononta ne abincin ƴaƴansa. Wata safiya ta karya shinge ta kwashe albasar Bahago. Bahago ya sara mata fartanya a cinya, Hassane ya zare takobi. Jandarma suka zo, komandansu ya ce in ya ƙara jin rikici zai jefa su biyun kaso, ya sa soja a kan rijiyar. Mun san ma'anar wannan: rijiyar da soja ya tsaya a kanta ta bariki ce. Bahago ya yi fushi ya garƙame ƙofar garka, tulunanmu suka bushe.

Alkasum ya daɗe kwance da tari mai jini. Ranar da ya ji ina kuka ta kan bango saboda na rasa ruwan dama kunun jikata, ya sa Kadidia ta tallabo shi zuwa zaure, ya aika a kira su.

Na ajiye kunun, na laɓe bayan ƙofa. Ni dai kunnena ba ya zaman gida.

"Baba, ba ka san wahalad da na sha ba," in ji Bahago. "Albasar nan da hannuna na ba ta ruwa, guga-guga, har bayana ya ƙage. Dabba guda ta share ta kahin in gama salla!"

"Dabba guda," Hassane ya ce, Hausarsa tana karyewa. "Bara, in na sako raƙumana, ƙura rufe gari take. Yau ita ɗai ta rage, ita kuma ka sara. In ta mutu, ɗiyana mi za su sha? Albasa?"

Suka yi ta yi. Alkasum yana sunkuye da basilla yana ɗinki. Sai da suka gaji ya ɗago.

"Bahago, ka ce da hannu kake ja. Ina takarkarinka mai ja maka ruwa?"

"Ya mutu tun bazara, Baba. Kai ka sayi fatar."

"Haka ne, na manta." Ƙarya yake, Alkasum ba ya manta fata. "Hassane, taguwar taka ta taɓa jan guga?"

"A Ingal ita ka ja muna."

"To, ashe..."

Tari ya sarƙe shi. Ya yi ta yi har ya kife a kan gwiwarsa, jini ya ɗiga a rigarsa. Na manta da laɓewa, na faɗa ciki ina kiran Kadidia. Da ya samu numfashi ya ɗaga musu hannu.

"Ku tahi. Ban ƙare ɗinki ba. Ku komo gobe."

Suka jira har ƙasa ta huce, suka fita, kowa da wari ɗaya a hannu, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Tun da nake ban taɓa ganin an bar zauren nan ba a shirya ba. Na dubi Alkasum, na ga shi ma ya sani. Idonsa ya cika da hawaye, abin da ban gani ba ko ranar da ya binne ɗansa.

"Saratu," ya ce, "kunun naki ya yi kauri."

"Da wane ruwa zan tsinka shi, Malam?"

Ya yi ɗan murmushi, ya jawo basillarsa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma a kan kunu ce. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Da safe bayan an fito masallaci na ji kukan Kadidia. Na zagaya na same ta durƙushe gaban randa, ta tura hannu har kafaɗa.

"Saratu, babu ruwan da za a wanke shi."

Muka bi gidaje, abin da muka tara bai cika ƙwarya ba. Mutumin da ya kashe wutar unguwa duk tsawon rayuwarsa, liman yana maganar a yi masa taimama.

Ana cikin haka Bahago da Hassane suka iso, don ba su ji labari ba, takalmansu suka zo karɓa. Aka gaya musu. Suka tsaya a zaure kamar an dasa su. Kadidia ta ɗaga fatar zamansa ta ciro takalman. Na Bahago irin na garinmu ne, mai faɗi, da ado ja da kore. Na Hassane yankan tayar mota ne. Alkasum ya haɗa maɗaurinsu ya ɗinke, yadda dukawa ke haɗa ƙafa biyu na takalmi ɗaya kafin su kai kasuwa. Ɗinkin ya karkace, ba irin nasa ba.

"Zazzaɓi ne," in ji Kadidia tana kuka. "Idonshi ba ya gani jiya. Ga wuƙa nan, ku raba."

Ta ajiye wuƙar dukancinsa a tsakaninsu. Bahago ya dube ta, ya mai da hannuwansa baya. Hassane ya ja rawaninsa ya rufe fuska har ido. Ba wanda ya taɓa wuƙar.

Can Bahago ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ruwan rijiya ya yi nisa ƙwarai. Ni ɗai ba ni cika tulu kahin rana ta take."

Hassane ya juya ya fita. Na ɗauka tafiyarsa ke nan, har na buɗe baki in zage shi. Bai daɗe ba ya dawo yana jan taguwar, tana ɗingishi, da tsumma a cinyarta.

Da ruwan da ta ja aka wanke Alkasum. Ni na ɗauko tulun farko a kaina, ina tafe ina kuka, ruwa na zubo mini a wuya. Da hantsi aka fito da makara, su biyun suna gaba, ƙafa tsirara a kan rairayi, ba wanda ya nemi inuwa.

Soja bai zo kan rijiyar ba. Da la'asar ɗin ranar ƙofar garka a buɗe take, kuma ba a sake rufe ta ba. Taguwa na ja, tana cin ganyen da aka yanko mata, mu muna cika tuluna.

Washegari na dawo daga rijiya, ƙafata ta tsaya da kanta a bakin zaurensa, bakina cike da labarin da zan ba shi. Kadidia ce a ciki tana shara. Ta share ko'ina, ta bi gefen fatar da tsintsiya ba ta ɗaga ta ba. Takalman suna rataye a ƙusa, basillar tana soke a cikin ɗinkin.