Gwangwanayen Rosemary

Dominic na kwance murfin inbata, na'urar nan mai ba da wuta daga batir, warin ƙuna ya bugi hancinsa. Kauthar, mai shagon magani a Paikon Kore, tana tsaye a kansa da hannu a ƙugu. Tun safe ta ɗauko na'urar zuwa rumfarsa da ke bayan tashar Jabi.

"Baba Dominic, kwana huɗu fa da gyaranka! Firji ya mutu, allurar masu ciwon suga duk ta lalace. Tsofaffi uku na mayar gida jiya hannu banza. Haka ake yi, oga?"

Ya laluba ciki ya ciro zoben da ya naɗa wa wayar tagulla da hannunsa. Irin zoben nan ne da ake yi da garin ƙarfe a matse shi, ya riƙa daidaita wutar da ke ratsa na'ura. Ya ƙone, har ya tsage. Naɗin kuwa daidai yake, zagaye talatin da biyu, ya bi shi da yatsa ya ƙirga.

"Wane launi ne a gefen nan da bai ƙone ba?" ya tambaya.

"Kore mana. Ba ka gani?"

Ya ajiye zoben a hankali. Shuɗi ya kamata ya sa. Girmansu ɗaya, amma garin cikinsu daban ne: shuɗin na jure irin wannan wuta, koren kuwa zafi yake ɗauka har ya ci kansa.

Shekara uku ke nan da yanar ido ta kama shi, shuɗi da kore suka zame masa abu guda. Matarsa Rosemary kaɗai ta sani. Duk Asabar takan zauna a bencin nan ta ware masa zobba cikin gwangwanayen madara biyu, na shuɗi ta ɗaura masa kyauro a wuya don ya gane da taɓawa. Takan tsokane shi: "Injiniya, in babu ni, sai ka ƙona Abuja." Wata biyu ke nan da binne ta. Da zobban da ta ware suka ƙare, ya sayo sababbi a leda ɗaya, ya raba su yadda idonsa ya nuna masa.

Wannan duka ya faɗa wa Kauthar a taƙaice, kansa a sunkuye.

Ta sauke hannunta. "Allah Ya ba ka haƙuri, Baba. Ban ji ba."

Ya zazzage gwangwanayen a kan tebur. "Taimaka mini, 'yata. Ciro mini shuɗi guda."

Ta ciro ta sa masa a tafin hannu. Ya zauna ya naɗa wayar, leɓunansa na motsi, ya haɗa, ya kunna. Na'urar ta tashi lafiya, zoben ko ɗumi bai yi ba.

Kauthar ta tsaya a bakin ƙofa. "To gobe fa, wa zai duba maka?"

"Gaida mini tsofaffin nan," in ji shi. "Ki ce musu laifina ne."

Bayan ta tafi, wani mutum ya leƙo da inbata a kafaɗa.

"Oga, ana gyara?"

Dominic ya shafa kyauron da ke wuyan gwangwanin.

"Je ka wurin Jonah, rumfa ta uku," ya ce. "Idonsa da kyau."